Ka Cire Sunana Daga Jikin Kwaɗon

Wayanad, kudancin Indiya, tsakiyar damina

Zuwa ga Naufal,

Ikkana, Yayana, hasken idona, sanyin zuciyata, ruwan farko da ke sauka kan gonakin shayi bayan rani ya gasa su, ƙamshin ƙasa a safiyar da ta ƙoshi da ruwa, bishiyar da na nannaɗe a jikinta yadda masoro ke nannaɗewa, wanda na zaɓa da bakina tun kafin iyaye su zauna su ce su suka zaɓa mana! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi gajimaren garinmu nauyi. Yaya sanyin ƙasar Turawa, yaya karatu, yaya farfesanka, yaya tarin nan da ke kama ka da zarar ka sha abu mai sanyi? Ka ga na jero maka kirarinka duka, ban rage ko ɗaya ba, kuma babu ƙarya a ciki. Halinka ne na sani: in ba a fara maka da zuma ba, ba ka karanta sauran. To, lashe ta da kyau, Ikka, don abin da ke biye ba zuma ba ne.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu, maimakon in kira ka a waya ka narkar da ni da muryar nan taka kamar yadda ka saba. Maganar sabon kwaɗon nan ce da ka raɗa wa sunana. Ina so ka cire sunana daga jikinsa, ka mayar da shi inda ya kamata ya zauna tun farko, wato a saman maƙala, cikin jerin waɗanda suka yi aikin, kafin mujalla ta buga ta. In ba ka yi haka ba, na rasa gurbin digiri na uku, kuma ba na bana kaɗai ba. Shekaruna sun zo bakin iyakar da aka yanka wa masu neman tallafin karatu, baɗi ko kallon takarduna ba za a yi ba. Ka san wannan sarai. Ina maimaita maka ne don kada wata rana ka dube ni da idanun nan naka irin na ɗan maraƙi ka ce ba ka gane ba.

Ka tuna ranar kuwa? Ko kai ma ka fara yarda da labarin da kake ba mutane? Bari in tuna maka, ni ban manta komai ba. Muna shekarar ƙarshe ta digiri na biyu, malamarmu Dakta Saramma ta tura mu ƙirgar kwaɗin rawa a rafin da ke gangarowa ta bayan gonar gahawa. 'Yan mitsi-mitsin nan da ba su wuce kan babban yatsa ba, waɗanda ƙarar ruwa ke danne wa murya, sai namijin ya hau dutse da rana tsaka ya miƙe ƙafar baya ya ware yatsu don macen ta gan shi. Da hantsi ne, ruwan sama ya ɗan tsagaita. Ina tsugune cikin rafi har gwiwa, mayafina ya jiƙe sharkaf. Kai kuma kana ina, masoyina? Kana zaune daram a kan wani faffaɗan dutse, ka juya wa rafin baya, ka naɗe wando, kana barbaɗa wa matsattsaku gishiri kana tsine musu ɗaya bayan ɗaya har da iyayensu. Sai wani kwaɗo ya hau dutse a gabana ya ɗaga ƙafa. Duk waɗanda muka yi ta ƙirgawa fatar tsakanin yatsunsu fara ce. Ta wannan rawaya ce, kamar an tsoma ta a kurkum. Numfashina ya tsaya cik. Na ce, "Ikka, zo ka gani, wannan ba namu ba ne." Ko waiwayowa ba ka yi ba. Ka ce, "Shamna, yunwa ce ke nuna miki sabon kwaɗo. Fito mu ci rogon nan tun bai sandare ba."

Sai da na rantse maka sannan ka taso, kana ɗingishi kana mita. Ka tsuguna kusa da ni, muka jira, kwaɗon ya sake ɗaga ƙafar. Ka kama wuyan hannuna ba tare da ka sani ba, karon farko ke nan da hannunka ya taɓa nawa. Wayyo, Ikka! Da za a yanko mini wannan ɗan lokacin a ce in zauna cikinsa har mutuwa, da na zauna, da matsattsakun da komai. Bayan nan muka ci rogo da miyar kifi a ganyen ayaba ɗaya, muka sha baƙin shayin sulaimani a murfin fulas ɗaya, kai kurɓa ni kurɓa. Ka ce, "Ni da ke za mu yi dakta tare. Mu dawo mu buɗe ɗakin gwaji a gindin dutsen nan, 'ya'yanmu su haddace sunayen kwaɗi kafin su haddace na dangi." Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma a ranar na san kai ma ka yarda da kanka.

Gurbi ya fara fito maka, a can Turai. Allah ya sani ban yi maka hassada ba. Na yi murna har Umma ta tambaye ni ko ni aka ba. Na raka ka filin jirgi a Kalikat, na tsaya bayan 'yan uwanka kamar baƙuwa don ba a ɗaura ba tukuna, na haɗiye kukana har sai da muka hau bas. Ka tafi, ni na koma rafi. Damina biyu ina ciki. Ni na auna su ɗaya-ɗaya, ƙafa da kai da ido. Ni na ɗauki kukansu a na'ura ina tace shi daga ƙarar ruwa. Ni na tona yashi da yatsuna har na gano inda talibambam ɗinsu ke ɓuya, abin da ka ce ba za a taɓa samu ba. Giwaye sun kore ni na bar takalmi ɗaya a taɓo. Zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi na koma. Idon sawuna duk tabo ne, har Umma kan ce wace amarya ce za a sa wa lalle a kan wannan ƙafa. Ban ce kai ba ka yi komai ba, ba zan yi maka ƙarya don ina fushi ba. Kai ka karanta ƙwayoyin halittarsa ka kwatanta da na danginsa, kai ka tabbatar sabon jinsi ne, kai ka zuba aikin cikin Turancin da mujalla ke so. Duk abin da na tura maka, da hannu biyu na tura, don a tunanina aljihunmu ɗaya ne.

Sai ranar da ka kira ni a bidiyo, fuskarka tana walƙiya kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla. Ka ce, "Shamna, nemi wuri ki zauna tukuna. Na yi miki kyautar da ba a taɓa yi wa wata mace ba a duk Wayanad." Ka juyo mini da fuskar kwamfutarka, na ga kalmar a rubuce da harufa masu karkace: shamnae. Ka shiga yi mini bayani, wai wutsiyar nan ta ƙarshe ita ke shaida wa duniya cewa mace ce aka girmama, wai da zarar an buga suna babu mai iya sauya shi har tashin duniya, sai ka ce ba aji ɗaya muka zauna aka koya mana ba. Ni kuwa wawiya, na fashe da kuka. Kukan daɗi, Ikka! Na rungume wayar a ƙirjina. Wace mace ce ba za ta yi ba? A ce duk inda ɗalibi ya buɗe littafi, a Delhi ko a Landan, sai ya kira sunanki, a ce bayan ƙasa ta cinye ki da wanda ya so ki, wani abu mai rai yana nan kan dutse yana ɗauke da shi. Na kwana ina jin babu wadda aka so a duniya kamar ni.

Da safe na haɗa shayi na zauna in karanta maƙalar a natse, daga sama. A saman na ga sunanka. Na ga na farfesanka. Na ga na wasu mutum biyu da matsattsaku bai taɓa ɗanɗana jininsu ba. Na sake karantawa, na ce ko idona ne. Na yi ta gangarawa har can ƙarshe, wurin godiya, a nan na tsinci kaina, tsakanin ma'aikatar gandun daji da direban motar jif: ana gode wa Shamna saboda taimako a daji. Taimako! Shayin ya huce a hannuna ban kurɓa ba.

Na kira ka, ka ɗauka da fara'arka. Amsarka tana nan a kunnena kalma-kalma. Ka ce, "Haba Shamna, ai kin san al'ada. Mutum ba ya raɗa wa halitta sunan kansa, abin kunya ne, dariya za a yi mana. Ko dai ki zama cikin marubuta, ko ki zama sunan, ba a haɗa biyun. Maƙala ana mantawa da ita cikin 'yan shekaru, suna kuwa yana nan. Na zaɓar miki wanda ya fi daɗewa." Na zaɓar miki. Kalmar nan ban manta da ita ba har yau. Yaushe na ba ka wuƙa da nama a kan rayuwata? Kai da ba ka iya sayen riga sai ka turo mini hoto ka tambaye ni shuɗiya ko fara, a kan wannan ne ka ga ba sai ka tambaye ni ba? Na san al'adar, ƙwarai kuwa. Na kuma san su wa ake raɗa wa halittu sunansu: matattu, da masu ba da kuɗin bincike, da matan malamai da suka yi haƙurin zaman gida suna dafa abinci. Gaya mini, rabin raina, cikin ukun nan wace ce ni?

Da na gaya wa Umma an sa wa kwaɗo sunana, ta ajiye kwakwar da take gogewa ta dube ni tsaf. Ta ce, "'Yar Safiya saurayinta ya kawo mata awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ke naki ya aiko miki da kwaɗo. Kwaɗon ma ba a hannu ba, a waya. Ana cinsa ne aƙalla?" Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin marubuta da godiya, ta saurara, sai na ga fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi. Ta ce, "To ai shi ke nan, Allah ya hutar da ke. Shi ya yi karatun, ke ki karɓi aikin koyarwar nan a makarantar 'yan mata ki jira shi. Dakta biyu a gida ɗaya, wa zai dafa wa wa?" Ka ji, Ikka? Abin da Umma ta yi shekaru tana nema da faɗa da kuka da aiko mini da ƙannenta bai samu ba, kai ka yi mata shi da kalma ɗaya ta Latin. Ummarka ma ta zo da alewar halwa a leda, ta shafa kaina ta ce ɗanta ya ɗaukaka ni. Na ce na gode, na kawo mata ruwa.

Duk da haka na je ganawar neman gurbin a Bangalor. Na shiga jirgin ƙasa da fayil ɗina a cinya, na ce aikin zai yi magana da kansa. Malamai suna jere a bayan tebur, na nuna musu hotuna, na sa musu kukan, na yi bayanin talibambam da yashi. Sun saurara, har na ga wata farfesa mai furfura tana gyaɗa kai. Sai wani mai wasa da biro ya ce, "Aiki ya yi kyau. Ina maƙalarki?" Na ce tana hanya. Ya ce, "Ke ce ta farko a jerin marubuta ko ta biyu?" Na ji kaina ina cewa, ai ni aka raɗa wa kwaɗon sunana. Ya ajiye biron ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Madalla. Wani abokina ma ya sa wa gizo-gizo sunan karensa. Sai dai karen bai nemi gurbi a nan ba." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba ƙarya ya yi ba. A idonsu ni yarinya ce da ta zo da aikin saurayinta tana cewa nata ne, shaidarta kuma ita ce saurayin yana son ta.

Farfesar mai furfura ta biyo ni har bakin bene. Ta ce, "'Yata, wanda bai tona yashin nan da hannunsa ba ba zai amsa tambayoyin da kika amsa ba, na sani. Amma sanina ba ya shiga fayil. Muna rufe zaɓe a ƙarshen damina. Ki kawo mini shaida daga mujalla cewa sunanki yana cikin marubuta, gurbin naki ne." Ta dafa kafaɗata ta koma ciki. Na zauna a tashar jirgi ina kallon masu sayar da shayi har jirgina ya zo.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kuskure ne irin na masoyi, so ne ya rufe maka ido ka ba ni fure a lokacin da nake neman tsani. Da na yi fushina na huce. Amma sai na kalli laccar da ka gabatar a taron ɗalibai, wadda ka turo mini da kanka kana cewa in duba ko rigar ta yi maka kyau. Ta yi maka kyau, Ikka, kai komai yana yi maka kyau, abin haushin ke nan. Ka tsaya gaban Turawa, hoton rafinmu a bayanka, ka sassauta murya yadda kake yi in kana so a so ka, ka ce, "Ranar da na fara ganinsa ya ɗaga ƙafa, numfashina ya tsaya." Numfashinka? Numfashin nan nawa ne! Kai a lokacin bayanka rafin yake kallo. Na mayar da wurin baya na sake ji, na sake ji, har Umma ta leƙo ta ce ko waƙa ce. A nan na gane. Da wannan labarin ka nemi gurbinka, da shi aka ba ka tallafi, da shi farfesanka yake gabatar da kai ga baƙi. In sunana ya hau saman maƙala, dole ya tambaye ka wace ce wannan, me ta yi, kai kuma dole ka buɗe baki ka faɗa.

Shi ya sa nake tambayarka, kuma ina so ka tambayi kanka kafin ka ba ni amsa: sunan nan kyauta ce, ko murfi ne? Na yi ta juya shi a raina ina wanki, ina shara, ina kan sallaya. Na so in ce murfi ne zalla, don in tsane ka in huta. Na kasa, don na ga fuskarka ranar da ka nuna mini, kuma ba ka iya irin wannan ƙaryar ba. Na so in ce kyauta ce zalla. Nan ma na kasa. Abin da na yarda da shi ya fi duka biyun ɗaci: ka sami hanyar da za ka so ni ka kuma cuce ni da abu guda, ka ji daɗin samunta har ba ka tsaya ka duba ba. Ka kwanta kana jin kai ne sarkin masoya, alhali ka rufe ni a kwalba ka manna mini suna ka ajiye a kanta.

Na je wurin Dakta Saramma. Ka san ta, ba ta tauna magana. Ta cire tabarau ta ce, "Ni na tura ku rafin, na san wa ya jiƙe wa ya bushe. Ki rubuta wa editan mujallar yau ɗin nan, ni zan sa hannu a ƙasa. Za su dakatar da maƙalar su bincika." Na ce, Malama, in suka bincika, shi fa? Ta ce, "Shi ya tuna da ke?" Na san abin da bincike irin wannan ke yi wa ɗalibi a ƙasar da ba tasa ba. Tabon zai bi ka duk inda ka nemi aiki, wataƙila ma su ce ka tattara ka koma gida. Na zauna gaban kwamfuta, na rubuta gaisuwa ga editan, hannuna ya ƙi ci gaba. Na tuna tarin nan naka, na tuna ba ka da kowa a can da zai dafa maka ruwan citta. Dubi irin abin da ke hana ni ceton kaina, don Allah! Na goge, na rufe. Ba zan rubuta ba, Ikka, ba yau ba, ba gobe ba. Na gaya maka ne don kada ka yi abin da nake roƙo saboda tsoro. Ba ni da sanda a ɓoye a bayana. Malama ta ce ni sakarya ce, kuma ban musa mata ba.

Saura kai. Maƙalar tana hannunka ana gyaran ƙarshe, kai ka gaya mini. Ka ƙwanƙwasa ƙofar farfesanka, ka zauna, ka ce masa akwai wadda ta fara gani, akwai wadda ta yi damina biyu cikin ruwa, kuma ba taimako ta yi ba. Zai ɓata rai. Wataƙila ya daina kiranka cin abinci gidansa, wataƙila ya ɗan jima yana yi maka kallon da ba ka so. Za ka ji kunya, kunyar da ta kai ka ji kamar ka mutu, amma ba za ka mutu ba, na ɗanɗana ta a Bangalor ga ni ina rubutu. Kwaɗon kuma ku sa masa duk abin da kuka ga dama. Ku sa masa sunan rafin, ko na rawayar ƙafarsa. In ka rasa, sa masa na Ummarka, wallahi za ta raba halwa har unguwa ta gaba. Shi bai damu ba, bai san ma ana yi ba. Ni ce na damu. Ba na son a riƙa kiran sunana a ɗakunan karatun da aka hana ni shiga.

Kada ka ɗauka don na zazzaga maka wannan na daina kewarka. Ina ma! Kewarka tana sauko mini kamar ruwan watan nan, ba sallama, ba tsagaitawa, ta jiƙa ni ina tsaye a kicin, ta jiƙa ni ina cikin bas. In na ji an tayar da babur irin naka a kan titi sai na leƙa, alhali na san teku nawa ke tsakaninmu. In na matsa lemun tsami a sulaimani sai na zuba kofi biyu kafin in tuna. Wa zan yi wa faɗa in ba kai ba? Wa zai ce mini yunwa ce ke damuna in na fara zafin kai? Wa ya san yadda nake tsoron tsawa duk da bakin nan nawa? Ya hasken idona, ya wanda na fi so fiye da hankalina, me ya sa sai kai? Da wani ne ya yi mini wannan, da tuni na ci mutuncinsa na wuce, ko a jikina. Kai ka yi, shi ya sa na rame har awarwaron hannuna yake zamewa.

Iyaye sun tsayar da ɗaurin aure idan ka zo hutu, Ummarka har ta fara zancen masu dafa shinkafar biriyani. Jiya ƙanwarka ta turo mini zanen katin gayyata in zaɓi launi, a ƙasa an rubuta yadda za a riƙa kirana bayan biki, kamar yadda kowace amarya a nan take jingina sunanta da na mijinta: Shamna Naufal. Na daɗe ina kallonsa. Tun muna aji nake rubuta shi a bayan hannuna in goge kafin a gani. Ban zaɓi launi ba tukuna, na ce mata ina jiran wani saƙo daga wurinka.

Ga alkawarina, ka riƙe shi, ni ba na sauya magana. Ba zan so wani ba bayan kai. Ko ka yi abin da na roƙa ko ba ka yi ba, babu namijin da zai sake kama wuyan hannun nan, ko Umma za ta yi kuka har idonta ya kumbura. Zuciyata taka ce yau, taka ce ranar da furfura za ta rufe ni, taka ce ranar da za a ɗauke ni a makara. In ka gyara, ka zo da gudu, za ka same ni a bakin ƙofa tun kafin ka sauke jaka, in yaso mu yi sauran faɗan a ɗakinmu. In kuwa damina ta ɗauke, mujalla ta fito yadda take, to ka yi zamanka, kada ka wahalar da kanka da sayen zobe. Zan karɓi aikin makarantar 'yan mata, in koya musu sassan jikin kwaɗo a allo, in ci gaba da sonka daga nan inda ka ajiye ni. Kwaɗo zai ɗauki sunana har tashin duniya, tunda haka ka zaɓa. Ni kuwa ba zan ɗauki naka ba.

Taka, wadda ba za ta taɓa zama ta wani ba ko da ba ta zama taka ba,

Shamna Moidu, da sunan ubana